Katin gayyatar walima mai adon lissafi: ina neman shawararku

Yayar_Auta:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Autarmu ta kammala digirinta na lissafi a Jami'ar Bayero, kuma mun shirya mata 'yar walima a gida kafin ta tafi bautar ƙasa. Ita ce mace ta farko a gidanmu da ta karanci wannan fanni, shi ya sa ba na son irin katin nan na kowa da kowa, fure a kusurwa, ruwan zinare a gefe, suna kawai ake canzawa. Ina so duk wanda ya riƙe katin ya san abin da ake murna a kai.

Ga abin da nake tunani. Walimar ranar 16 ga wata ce, to maimakon 16 sai a rubuta 2⁴. Lokaci ƙarfe huɗu na yamma, sai a rubuta √16. Bayan katin ya zama baƙi kamar allon aji, rubutun fari kamar na alli. Guda 200 nake so. Akwai wanda ya taɓa buga irin wannan? Wace takarda ta fi? Kuma ku faɗa min gaskiya, ya dace ko na zaƙe?

Ummu_Haidar:
Wa alaikumus salam. Masha Allah, Allah ya sanya albarka, ya sa ta amfani al'umma da shi. Ni kam tunanin ya burge ni ƙwarai.

Sani_Ɗab'i:
Hajiya, barka da arziki. Wannan sana'ata ce, shekarata goma sha ɗaya a cikinta, don haka bari in fara da inda na ga matsala. Wannan ƙaramin 4 ɗin da ke saman 2 shi ne abin tsoro. Idan kika tura rubutun ta WhatsApp yaron shago ya kwafa ya zuba a CorelDraw, manhajar da muke tsara kati da ita, ko kuma ya sake bugawa da hannunsa, sau da yawa ƙaramar lambar saukowa take ta daidaita da 'yar uwarta. Sai 2⁴ ta koma 24. Kin ga an ɗage miki walima da kwana takwas ba ki sani ba. Ita kuma alamar √ ba kowane salon rubutu ne yake da ita ba, in babu sai ki ga ɗan akwati a wurinta.

Malam_Lissafi_Zariya:
Sani ya yi gaskiya, kuma abin ya taɓa faruwa da mu. Mun shirya gasar lissafi tsakanin makarantu, muka kai takardar tambayoyi wani shagon buga takardu, aka dawo mana da ita duk lambobin sama sun sauko. 5² ta zama 52. Da daddare muka zauna mu uku muna gyarawa da biro, takarda sama da ɗari. Tun daga ranar ba na yarda a buga min komai sai na ga samfur ɗaya a hannuna, a kan takarda, ba a fuskar kwamfuta ba.

Amma 16 lamba ce mai kyau, ƙanwata. 2⁴ da 4² duk 16 ne, kuma a cikin cikakkun lambobi daga 1 zuwa sama babu wasu biyu mabambanta da za ka juya su haka su ba ka amsa ɗaya sai 2 da 4. Ita mai walimar za ta gane wannan tana gani.

Goggon_Yara:
Ni ban san wani biyu da huɗu a sama ba. Tambayata ɗaya ce 'yata: su wa za a kai wa katin? In ƙawayenta ne na makaranta, to. Amma ƙannen mahaifinku da yayyen mahaifiyarku fa? Tsohuwa ta karɓi kati ta miƙa wa jikanta ɗan firamare ya karanta mata, ya ce mata bai gane ranar ba. Sai ta ji kamar ba a so ta zo ne. Gayyata girmamawa ce, ba a haɗa ta da jarrabawa.

Yayar_Auta:
Gaskiya ne Goggo, ban kawo wannan a raina ba. Kusan rabin katin dangi ne za a kai wa.

Engr_Bash:
Abu mai sauƙi ne ai. A rubuta duka biyun. "Ranar 2⁴ = 16 ga wata", "ƙarfe √16 = 4:00 na yamma". Mai son lissafi ya gani ya ji daɗi, wanda ba ruwansa ya karanta abin da ke bayan alamar daidai. Ko an samu kuskuren da Sani ya faɗa, 16 ɗin tana nan.

Sani_Ɗab'i:
In an samu kuskuren sai katin ya ce 24 = 16, a walimar mai digirin lissafi. Gara dai a hana shi faruwa tun farko. Hanyar ita ce: wanda ya tsara katin ya mayar da rubutun duka ya zama zane kafin ya fitar da fayil ɗin, a CorelDraw Ctrl da Q ake dannawa. Daga nan ko an buɗe a wata kwamfutar da ba ta da wannan salon rubutun, babu abin da zai motsa. Sannan a fitar da shi PDF, kada a turo hoto ta WhatsApp don yana rage masa kyau, ƙananan rubutu su dushe. In dole sai ta WhatsApp, a tura shi a matsayin fayil.

Wannan shawarar har ga haruffanmu masu lanƙwasa. Sau nawa kuka ga kati an rubuta "karfe" a maimakon "ƙarfe", ko "daurin aure"? Wani lokacin ba sakacin mai kati ba ne, salon rubutun ne ba shi da ƙ da ɗ da ɓ. Yawancin rubutun nan masu kama da na alli da kike so ba su da su. A gwada tun kafin a zaɓa.

Zee_Kaduna:
Anty ki saka 8 ÷ 2(2+2) mana, amsar 16 ce kuma ya fi 2⁴ ban sha'awa.

Abba_Injiniya:
Amsar 1 ce. 2+2 huɗu, sau 2 takwas, takwas a raba da takwas ɗaya.

Zee_Kaduna:
A'a Yaya Abba. Bayan ka gama da na cikin baka, rabawa da ninkawa matsayinsu ɗaya, daga hagu ake farawa. 8 a raba da 2 huɗu, sau huɗu 16.

Abba_Injiniya:
Kalkuletata da nake aiki da ita tun ina jami'a 1 ta ba ni yanzun nan.

Malam_Lissafi_Zariya:
Ku dakata. Wannan tambayar ta yawata duniya a 2019, an yi ta musu a kanta a intanet. Ƙa'idar hagu zuwa dama da muke koyarwa a aji tana ba da 16. Amma akwai littattafai da kalkuletoci da suke ɗaukar lambar da ke manne da baka a matsayin abu ɗaya da shi, su sai su ba da 1. Laifin na rubutun ne, an rubuta shi a yanayin da zai ɗauki ma'ana biyu, kuma babu malamin da ya san aikinsa da zai rubuta haka. Yayar_Auta, kada ki kusanci wannan. Wasu su zo miki ranar 1 ga wata, wasu 16.

Hadiza_Maraɗi:
Sannunku. Ina da 'yar magana idan akwai dangi a wajenmu Nijar da za a aika ma katin. Mu nan ƙarfe huɗu na yamma 16h muke rubutawa a takarda, to in an ga √16 kusa da lokaci wani zai iya ɗauka sha shida ɗin ne ake nufi, wanda ya yi daidai bisa sa'a. Amma in za a saka π a yi hankali, mu da waƙafi muka koya, 3,14, ku kuma da ɗigo, 3.14. Kuma mu ƴ muke rubutawa inda kuke rubuta 'y. Ba wani babban abu ba ne, na faɗa ne don a sani.

Yayar_Auta:
Na gode Hadiza. Muna da 'yan uwa a Tasawa amma su ta waya za a gaya musu. Abin da kika faɗa na 16h ya ba ni mamaki, ranar 16 kuma ƙarfe 16. Zan nuna wa autar.

Malam Sani, ba ka ce komai a kan baƙin allon ba.

Sani_Ɗab'i:
Ina zuwa kansa. Baƙi cikakke yana da kyau a waya, a takarda kuma yana da rigima. Yana nuna shatin yatsa, in an naɗe katin yana tsagewa a wurin naɗin farin takardar ya bayyana, kuma siririn farin rubutu yakan cushe saboda tawadar da ke kewaye da shi. Dole a yi masa lamineshin, marar sheƙi ya fi dacewa da kamar allo. To in an yi lamineshin, biro ba ya kama shi, ba za ki iya rubuta sunan wanda ake gayyata a jiki ba sai a ambulan.

Guda 200 kuma DI za a yi miki, wato bugu kai tsaye daga kwamfuta, ba a kai shi injin Kord mai aiki da faranti, don kuɗin faranti huɗu na launi ba zai fita ba sai aiki ya yi yawa. Kwali ki nemi mai giram 300, ƙasa da 250 laƙwas yake kamar takardar talla. Girman A6 ya isa in rubutun bai yi yawa ba, milimita 105 a 148. Takwas ke fita a takardar A3 ɗaya, kin ga 200 takarda 25 ke nan. Amma in launin zai kai har baki-baki, sai an bar rarar milimita 3 a kowane gefe saboda yanka, to nan babbar takardar da ta ɗan fi A3 ake sakawa.

Ni da za ki ji tawa, ki yi farin kati mai gida-gida shuɗi mai haske, irin littafin lissafin da muka yi amfani da shi a firamare. Babu wanda ya shiga aji da ba zai gane shi ba. Ya fi araha, biro na kama shi, tsofaffi kuma za su iya karantawa.

Ummu_Haidar:
Wayyo littafin gida-gida! Lamba ɗaya a gida ɗaya, in ka haɗa biyu a gida guda malama ta mayar maka. Wannan ya fi baƙin allo wallahi.

Malam_Lissafi_Zariya:
Tunda Sani ya ambaci A6, ita kanta takardar lissafi ce. A4 faɗinta milimita 210, tsawonta 297. Raba 297 da 210 za ka samu kusan 1.414, wato √2. An zaɓi wannan ne don in ka naɗe takardar biyu, rabin ya fito da siffa iri ɗaya da uwar. Shi ya sa ake rage A4 zuwa A5 a injin kwafi ba tare da komai ya karkace ba. Babbar cikinsu, A0, faɗin filinta murabba'in mita ɗaya ne. Ana iya rubuta wannan da ƙananan haruffa a bayan katin, layi biyu kawai.

Ɗan_Katsina:
Duk kuna ta kawo π da √, kamar mu ba mu da namu. A nan Katsina aka yi Malam Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, wanda ya je Hajji, ya yi rubutu a kan murabba'an lambobi a 1732, ya zauna a Alƙahira har ya rasu a can a 1741. Masu tarihin lissafi a Afirka ba sa tsallake sunansa. Ni shawarata a sa ƙaramin murabba'i mai gida tara a tsakiyar katin:

4 9 2
3 5 7
8 1 6

Duk ta inda ka tara, a kwance ko a tsaye ko a karkace, 15 ne. Kuma zai zauna daram a kan gida-gidan da Sani ya ce.

Goggon_Yara:
Kai ɗan nan, wannan ai hatimi ne. Ka kai wa mutum kati da hatimi a tsakiya? Wallahi akwai gidan da ba za a bar shi ya kwana ba. Za a ce an yi wa yarinya wani abu ne ake rabawa mutane.

Abu_Sumayya:
Ina tare da Goggo. Irin wannan zanen ake sakawa a layu, kuma malamai da yawa sun yi magana a kai. Ko da niyyar mai kati kyakkyawa ce, barin abin da zai jawo zargi ya fi. Sannan tunda ana maganar abin da za a rubuta, ina roƙo kada a saka aya ko Bisimilla da Larabci. Bayan walima katin nan a ƙasa za ka gan shi, yara na wasa da shi, ko an ƙunshe ƙosai a ciki.

Ɗan_Katsina:
Maganar aya na yarda da kai ɗari bisa ɗari. Amma murabba'in, lambobi ne daga 1 zuwa 9, babu suna babu harafi. Don wasu sun yi amfani da shi ta wata hanya ba zai sa mu jefar da ilimin da ke ciki ba. Yaranmu sun san sunayen masanan Girka amma ba su san an yi masanin lissafi a Katsina ba, wannan yana damuna.

Malam_Lissafi_Zariya:
Kowannenku yana da hujja. A wajen lissafi babu wani ɓoyayyen abu: ka tara 1 zuwa 9 ka samu 45, ka raba layi uku, kowane layi 15, kuma dole 5 ta zauna a tsakiya. Ina koyar da shi a aji ɗaya na ƙaramar sakandare, yara suna son sa. Amma a faɗi gaskiya, a zamanin su al-Kashinawi wannan ilimin a haɗe yake da ilimin haruffa, don haka abin da Goggo ta gani ba ƙirƙirarsa ta yi ba, haka mutanenmu suka san shi. A allon aji ina da minti arba'in in yi bayani. Kati ba ya bayani, shi kaɗai yake shiga gida.

Fati_Zane:
Ni mai tsara kati ce, kuma ina ganin akwai hanyar da za a sa namu ba tare da wannan rigimar ba. Dagin Arewa. Ku dube shi da kyau, zare ne da ke hawa yana sauka, sama da ƙasa, bi da bi, kuma in ka juya shi yana komawa yadda yake. Haka zanen bangon gidajen gargajiya a Kano da Zariya, da aikin hula, da aska takwas ta babbar riga, duk maimaici ne da daidaito tsakanin dama da hagu. Matar da ke ɗinkin hula ƙirga zare take yi. In aka yi wa katin iyaka da irin wannan zanen, aka sa alamomin lissafi ƙanana a cikin gida-gidan, kin haɗa biyun. Abu ɗaya nake roƙo, kada a cika. Na ga katunan da aka zuba musu dogayen lissafai da aka kwaso daga intanet don ado, mai kati bai san ma'anarsu ba, wasu ma ba daidai suke ba. Ga mai digirin lissafi wannan abin kunya ne a gaban malamanta. Duk abin da za a saka, a ba ta ta duba da kanta.

Yayar_Auta:
To ai so nake in ba ta mamaki, ba na so ta gani sai an buga.

Fati_Zane:
Ki nuna wa ɗaya daga cikin ƙawayenta na aji to. Amma wani wanda ya san abin ya gani kafin a buga 200.

Alaramma_Gwale:
Assalamu alaikum. Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Idan ana son abin da zai haɗa tsofaffi da yara, ga tsohuwar tambayar raƙuma. Mutum ya bar raƙuma 17, ya ce babban ɗa ya ɗauki rabi, na tsakiya sulusi, ƙaramin ɗaya bisa tara, kuma ba a yanka ko ɗaya. Mai hikima ya kawo nasa raƙumin suka zama 18, ya ba da 9 da 6 da 2, ya ja nasa ya tafi. Dattawa sun san irin wannan domin lissafin gado a zaure ake koyonsa tun kafin boko. Shi kansa al-Khawarizmi, wanda daga sunan littafinsa aka samo kalmar aljabara, babban kaso na littafin a kan wasiyya da rabon gado yake, a Bagadaza ya rubuta shi. Sai dai a fayyace cewa wannan wasa ƙwaƙwalwa ne, ba haka shari'a ta raba gado tsakanin 'ya'ya ba.

Engr_Bash:
Allah ya gafarta Malam, wannan ta yi. A sa ta a bayan kati ba tare da amsa ba, a rubuta "Ƙulunƙulufita" a sama, a ce za a faɗi amsa a wurin walima, wanda ya zo da ita yana da tukuici. Sirrin kuma shi ne rabi da sulusi da ɗaya bisa tara in ka tara su 17 bisa 18 ne, ba su cika ɗaya ba. Ita mai walimar sai ta yi wa mutane bayanin.

Ummu_Haidar:
Ni dai maganar mutuwa da gado a katin murna ba ta kwanta min ba. A mayar da shi uba ne ya yi wa 'ya'yansa kyautar raƙuma yana raye.

Alaramma_Gwale:
Hakan ma ya fi, Malama, kin kawar da abin da na ji tsoro.

Musty_Tech:
Wani abu da ba a ambata ba: kwatancen gida. Ku sa lambar QR a kusurwa wadda za ta buɗe taswira. Ita ma lissafi ce zalla, a Japan aka ƙirƙiro ta a 1994, kuma an gina ta yadda ko wani sashe ya goge za ta iya karantuwa. Kada ta gaza santimita 2, a bar mata farin fili kewaye, kuma a gwada da waya biyu ko uku a kan samfurin.

Goggon_Yara:
A sa, amma a rubuta kwatancen da Hausa ma, bayan masallacin kaza, kusa da mai shayi. Kuma 'yata, manyan gida ba a aika musu kati a zauna. Ki ɗauki ƙafa ki je, ki gaishe su, ki faɗa da bakinki, sannan ki ajiye katin. Mahaifiyarku ta san waɗanda nake nufi.

Yayar_Auta:
In sha Allah Goggo, da ni da Umma za mu zagaya ranar Juma'a.

Ga inda na tsaya yanzu. Farin kati mai gida-gida, iyaka da dagi kamar yadda Fati ta ce, rana da lokaci a rubuce sarai da manyan lambobi, 2⁴ da √16 ƙanana a gefensu. Raƙuma a baya, na kyauta. Babu aya. Murabba'in Ɗan_Katsina har yanzu yana raina, ina tunanin ko in buga shi daban guda 30 don 'yan ajinsu da malamanta, da sunan malamin da shekarar a ƙasa.

Abu_Sumayya:
Ko talatin ɗin ni ban goyi baya ba, kati yana yawo daga hannu zuwa hannu. Amma shawara ce.

Ɗan_Katsina:
In kin yi, ki rubuta "kowane layi 15" a ƙarƙashinsa da Hausa, kowa ya ga lissafi ne. Kuma don Allah ki ajiye min guda ɗaya.

Sani_Ɗab'i:
A DI buga iri biyu ba matsala, 170 da 30, fayil biyu ne kawai. Amma layukan gida-gidan kada su yi siriri sosai ko haske sosai, injin yakan tsallake su su fito a yanke-yanke. Ki ce a buga miki takarda ɗaya tukuna, ki fita da ita waje ki duba a hasken rana. Kwana nawa ya rage?

Yayar_Auta:
Sha tara. Fati, in na turo miki rubutun yau da daddare za ki iya haɗa min samfur kafin Laraba? Kuma sunanta da Hausa da Larabci nake so a sama, shi ma sai an mayar da shi zane ko?